Injiniya da Masaukin Masu Jinya

Kafin ta sauko daga kan gado sai ta yi shawara da gwiwoyinta. Ta daman ce mai gardama, sai an shafa mata man zafi an lallashe ta sannan ta yarda ta ɗauki nauyi. In ta idar da sallah ba ta tashi nan take, takan zauna kan darduma har gari ya fara haske, rabi addu'a, rabi tara ƙarfi. Daga nan ta dafa bango ta miƙe, ta sha shayi a tsaye, ta ɗauki hular kwanonta da naɗaɗɗun takardu ta nufi mota. Ba ta fara zuwa ofis. Wurin gini take fara biyawa, tun leburori ba su gama kwaɓa siminti ba, domin ta ce abin da aka ɓata da safe ba ya gyaruwa da yamma.

Haka safiyarta take a shekarunta na ƙarshe a bakin aiki, kuma haka take tun gashin kanta yana baƙi, sai dai a da ba ta buƙatar bango.

Magina suna ce mata Injiniya. Ba injiniya ba ce. Mai zanen gine-gine ce, irin waɗanda ke zama da fensir da takarda su fitar da gini tun babu bulo ko ɗaya a ƙasa, su ce ga inda ƙofa za ta kalla, ga inda rana za ta faɗo, ga ta inda iska za ta shiga. Da ƙuruciya ta sha gyara musu. Da ta ga gyaran ba ya zama sai ta ƙyale su, har 'yan gidansu suka ɗauka, har maƙwabta. Yau in ka je unguwar ka tambayi gidan mai zanen gine-gine za a yi ta kallonka. Ka ce gidan Injiniya, kowa zai nuna maka.

'Yar kafinta ce. A rumfar mahaifinta ta taso, tana riƙe masa bakin tef yana aunawa, kuma a nan idonta ya koyi ganin ƙofar da ta karkace tun mai ita bai gani ba. Da ta ce za ta karanci zanen gini, gwaggonta ta tafa hannu ta ce, “Duk aikin mata na duniya bai ishe ki ba, sai hawa bango?” Mahaifin bai yi dogon magana ba. Ya ce tunda kanta yana ja, a bar ta.

Ita kaɗai ce mace a ajinsu daga shiga har fita. A ginin da ake koya musu yadda ake tsara gini babu makewayin mata, domin wanda ya zana shi bai taɓa kawowa a ransa mace za ta shigo ba. In ta matsu sai ta tsallaka titi ta ratsa fili ta je sashen masu karatun jinya, ta dawo ta tarar an yi nisa da darasi. Duk lokacin da ta ba da wannan labari a taro mutane sukan yi dariya. Ita takan jira su gama.

A ma'aikatar ayyuka ta samu aiki. Ranar farko masinja ya miƙa mata takardu ya ce ta buga, ya ɗauka sabuwar mai buga tafireta ce. Da aka zo rabon ayyuka, manyan gine-gine masu benaye, waɗanda ake yanka musu kirtani a ɗauki hoto, suka tafi teburin maza. Ita aka turo mata abin da ba wanda ke so: makewayin makarantu, rumfunan kasuwa, ɗakunan haihuwa na ƙananan asibitoci. Wani abokin aikinta ya sa mata suna Kwamishinar Bayan Gida. Sunan ya yi mata ciwo, ta kai ƙara wurin maigidanta, wanda malamin makaranta ne mai sanyin hali da son raha. Ya ce, “To ai babu mai muƙamin da ba ya ziyartar ma'aikatarki kullum. Riƙe kujerarki da kyau.”

Ta riƙe. Abin da ta yi da kujerar, waɗanda suka gani da idonsu ne ke faɗa.

Akwai wata tsohuwar ungozoma da ta yi aiki a ɗakin haihuwa iri biyu, na da da wanda Injiniya ta zana. Ta ce a na da, tagogin suna daidai da kan mai wucewa, don haka kullum a rufe suke da labule, mai naƙuda tana gumi, ungozoma tana gumi. “Sai ga wata siririyar yarinya ta zo ta zauna a benci tana kallonmu wuni guda. Na ce, 'yata, haihuwa kika zo? Ta ce a'a, Mama, tambaya na zo. Da aka gama sabon ɗakin, tagogi suna can sama kusa da silin, wannan na kallon wancan. Iska na ratsawa, ba mai leƙe. Ranar na san akwai mai tunawa da mu.”

Matan kasuwa kuma abin da suke ambata shi ne ɗan dakalin da ke ƙarƙashin teburin kowace rumfa, a inuwa, mai ɗan gefe don kada jariri ya mirgino. Ba wanda ya roƙe ta. Ta ga yadda suke shimfiɗa goyonsu a ƙasa kusa da kwata ne ta koma ta ƙara shi a zane. Wani shugaban makaranta ya ce tun da aka juya ƙofar makewayin 'yan mata ta daina kallon filin ƙwallon maza, aka kuma sa famfo a ciki, manyan ɗalibansa mata suka daina ɓacewa daga aji kowane wata. Ya ce shekaru ya yi yana dukan yara a kan fashin aji bai san ƙofa ce ke korarsu ba.

Baba Magini, wanda ya fi kowa daɗewa yana aiki a ƙarƙashinta, ba ya ɓoye yadda suka karɓe ta. “Ranar da ta fara zuwa ba wanda ya tashi. Muka ce mace ce za ta nuna mana gini? Ta gaishe mu, muka amsa a ciki. Sai ta kama tsani ta hau har saman linta, can bisa tagogi, kuma a lokacin tana da juna biyu, ta duba ta sauko ta ce mini, Baba, tagar nan an rage mata faɗi. Na ce ɗan kwangila ne ya ce a rage. Ta ce a fasa. Muka yi ta ja, ta zauna kan bulo ta ce ba inda za ta sai an fasa. Rana ta take, ta yi sanyi, tana nan. Kunya ce ta sa na ɗauki guduma.” Daga ranar suka ƙara mata suna na biyu, Uwar Tagogi, don a kan komai za a iya sasantawa da ita ban da taga.

Ke ce wadda aka ba ƙarshen layi kika tsaya a wurin kika yi aiki kamar na gaba aka ba ki. Ke ce kika zana wa mai naƙuda da mai talla da 'yar aji shida, mutanen da ba sa rubuta takardar godiya. Ba a manna sunanki a bangon ko ɗaya daga cikin gine-ginen nan ba, amma akwai masu shan iskarki yau da ba su san akwai ki a duniya ba.

Yabo ya zo daga baya, kuma da ya zo sai ya zo da yawa. Ƙungiyar masu zanen gini ta ba ta lamba, jami'ar da ta yi ta kira ta ta rataya mata wata, ƙungiyoyin mata suna gayyatarta kusan kowace shekara ta zauna a babban tebur. Ko'ina kalma ɗaya ce: mace ta farko. Da fari tana jin daɗi. Daga baya kalmar ta fara gundurarta, domin an fi tambayarta yadda ta ji da ta zama ta farko a kan a tambaye ta me ta gina. Lambobin suna saman kabad a ɗakinta, wasu ba a ma cire su daga kwali ba. Maigidan yakan ɗaga kai ya dube su ya ce, “Allah ya sa wata rana su ba ki tukunya, ita dai a ɗora a wuta.”

Abin da aikin ya ci mata kuwa ba ya cikin jawabin kowa. Yaranta a hannun mahaifinsu suka fi tashi. Shi ke kai su makaranta, shi ya iya ɗaure wa 'yan matan gashi, ko da yake a karkace. Babbar 'yarta ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, amma wata rana, bayan ita ma ta yi aure ta haifi nata, suna zaune suna tsince shinkafa sai ta ce, “Umma, ranar da aka ba ni kyauta a makaranta Abba ne ya zo. Ranar da na karye ma Abba ne. Ina tuna ƙamshinki da safe in za ki fita, shi ke nan.” Injiniya ta ci gaba da tsince shinkafar. Ba ƙarya a maganar. Tun daga ranar wani abu ya tsaya tsakaninsu, ana gaisawa, ana ziyara, amma hira ba ta nisa.

Sai ciwon ƙoda ya kama maigidan. Aka kwantar da shi a babban asibiti, a ɗakin da ba a barin 'yan'uwa su zauna a ciki sai lokacin ziyara. Injiniya ta san barandar ɗakin nan. Ta sha ratsa ta da takardu a hannu in aiki ya kawo ta, ta sha ganin mutane zube da tabarmi da bokiti da kwanuka, har ta taɓa cewa a wani taro ya kamata a hana su tare hanya. Yanzu ita ce a kan tabarmar. Tana da mota, gidanta ba nisa, amma ba ta iya barin wurin, saboda ba ka san lokacin da nas za ta leƙo ta ce, “Ina mai jinyar wane?” ba. In aka kira ba ka nan, magani ba zai samu ba, jini ba zai samu ba, wani lokacin ma kiran na ƙarshe ne. Don haka kowa yake manne da ƙofar, ko bayan gida za ka sai ka bar wa na kusa da kai sallahu.

Na kusa da ita wata dattijuwa ce da ke jinyar ɗanta, ta zo daga nesa, ba ta san kowa a garin ba. Ƙafafunta sun kumbura saboda barcin zaune. Wata rana da la'asar ruwan sama ya sauko da iska, ya feso cikin barandar, aka yi ta jan kaya ana matsawa jikin bango. Dattijuwar ta rungume ƙullin kayanta ta ce, ba da kuka ba, kamar mai ba da labarin farashin gishiri, “Rabona da in miƙe ƙafa in yi barci har na manta. Ina tsoron kada in riga shi tafiya, ya rasa mai ba shi ruwa.” Kashegari manyan baƙi za su zo duba asibitin, masu gadi suka kore su duka zuwa bayan gini, cikin rana, har baƙin suka tafi. Injiniya na cikin waɗanda aka kora. Ɗaya daga cikin baƙin ya taɓa miƙa mata lambar yabo da hannunsa.

Da lokacin ziyara ya yi ta shiga wurin maigidan, ya lura ba shi take kallo ba, ta taga take hangen wani fili da ke bayan ɗakunan, inda ciyawa ta rufe tsofaffin gadajen ƙarfe.

Ya ce, “Me kike aunawa kuma?”

Ta ce, “Ba komai.”

“Na san idon nan. Tun ba a haifi yaran nan ba na san shi. Faɗi.”

Ta gaya masa zancen dattijuwar da ruwan jiya. Ya ja numfashi a hankali, sannan ya ce, “To zana musu mana. Kin zana wa kowa.”

Bai fita daga asibitin da rai ba.

Da ta koma aiki, abin da ta fara zanawa ke nan. Masaukin masu jinya ne a filin nan na bayan ɗakunan, mai ɓangare biyu, na mata da na maza, da bene a sama, da wurin girki, da wurin wanka da wanki da igiyoyin shanya. Ta sa lasifika a kowane ɗaki, an haɗa ta da teburin nas-nas, domin ta sani ko gadon zinariya ka ajiye wa mai jinya ba zai bar baranda ba in ba zai ji kiransa ba. Ta kai zanen wurin darakta. Ya yaba, ya ce za a duba.

Duban nan ne ya cinye ragowar ƙarfinta. Darakta ya tafi wani ya zo, ta sake bayani daga farko. Wannan ya ce bana ba ya cikin kasafi. Wancan ya ce aikin hukumar asibiti ne, hukumar asibiti ta ce aikin ma'aikata ne. Wani ya tambaye ta da gaske ko masu jinya marasa lafiya ne da za a gina musu ɗaki. Ta san kowane benci na kowane ofis, ta san sakatarorin da ke cewa oga ya fita alhali tana jin tarinsa. A cikin shekarun nan gashinta ya yi fari, tabarau ya ƙara kauri, sannan hannunta na dama ya fara rawa, kaɗan-kaɗan da fari, har ya kai in ta ɗauki kofi sai ta tallafa da na hagu. Ba ta gaya wa kowa ba a ofis. Wata matashiyar mai zane da ta horar, wadda magina ke kira Ƙaramar Injiniya, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, sai dai ta riƙa karɓar mata ayyukan da ke buƙatar jan layi tana cewa ita ma tana son ta koya.

A shekararta ta ƙarshe labari ya iso mata cewa za a share filin nan a mai da shi wurin ajiye motoci. A makon ne kuma sabon darakta ya aiko kiranta. Shi ma ɗalibinta ne, a teburinta ya koyi aiki lokacin da ya fito daga makaranta, har yau Mama yake ce mata. Ya tashi ya ba ta kujera, ya shiga zayyana mata shirin da ake yi na bikin ritayarta: za a cika babban zaure, za a sa wa ɗakin taron ma'aikatar sunanta.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, “Ɗana, na gaji.”

“Shi ya sa za mu karrama ki, Mama, ki je ki huta.”

“Ba irin wannan gajiyar ba. Na gaji da tafi. Ɗakin taron nan ba ni na zana shi ba, ko tagar kirki babu a ciki, kada ku jingina mini shi. In akwai abin da kuke son ba ni, kun san shi. Yana cikin durowarka, yana cikin durowar wanda ka gada.”

Ya sunkuyar da kai. “Filin ba a hannuna yake ba, na hukumar asibiti ne. Likitoci ma suna da hujja, a titi suke ajiye mota, an sha fasa musu gilashi.”

“Na sani. Kai ni wurinsu dai.”

Ya kai ta. Aka zauna, aka ɗage, aka sake zama. Ba ta iya jawabi ba, ba ta taɓa iyawa ba, abin da ta iya shi ne zama har mutum ya ji nauyi. A ƙarshe suka ce za a raba filin biyu, rabi motoci, rabi masauki. Babu bene. Wurin girki zai koma 'yar rumfa. Gadajen da za su shiga ba za su kai rabin na zanenta ba. Ko ta karɓa ko a bar zancen.

Ta dawo gida ranta a ɓace, ta tarar da babbar 'yarta ta kawo mata jikoki. Ba ta saba kai mata kukan aiki ba, amma ranar maganar ta fito da kanta. Ta ce ba za ta karɓa ba. Ta ce shekarun da ta yi tana bin abin nan ba don a miƙo mata guntu ba ne, gara a ce ba a yi ba da a ce ita ta zana wurin da rabin mutane za su kwanta rabi na kallonsu daga baranda.

'Yar tana naɗe kayan yaranta, ba ta ɗago ba ta ce, “Ki karɓa, Umma.”

“Ba ki ji abin da na ce ba.”

“Na ji. Ni ma na zauna a barandar nan lokacin Abba, na san ta. Ki karɓa.” Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ta. “Mu ma rabinki muka samu. Ga mu nan mun zama mutane.”

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma wannan ne ya sa maganar ta shige ta. Injiniya ta zauna a bakin kujera. 'Yar ta tashi ta kawo mata ruwa, ta riƙe mata kofin da ta ga hannun yana rawa, ba ta tambaya ba, ita ma ba ta janye ba.

Kashegari ta shimfiɗa zanen a kan teburinta don ta rage shi. Ta ɗora rula, ta ɗauki fensir, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Ta goge ta sake, ya sake fitowa haka. Ta ajiye fensirin ta kira Ƙaramar Injiniya.

“Zo ki zauna a nan. A'a, kan kujerata. Ja layin nan, daga nan zuwa nan.”

Ta tsaya a bayanta tana faɗa tana yankewa. Benen ya tafi, ɗakin ajiya ya tafi, faɗin tsakar gida ya ragu. Da matashiyar ta ce in aka rage tagogi za a samu wurin ƙarin kabad, sai ta ji hannu a kafaɗarta, ta yi dariya ta ce ta janye maganar. Lasifikar ma ba a taɓa ta ba. Abu ɗaya Injiniya ta ƙara: ta ce a yi harsashin da ƙarfin da zai ɗauki bene. “Ni ba zan gani ba. Ke za ki gani. In sun gaji da cewa za a duba, ki ɗora.”

Ranar ritayarta ta zo ginin bai kai linta ba. An cika zauren kamar yadda aka ce, an yi jawabai, an ce mace ta farko har sau ba adadi. Tana zaune a babban tebur tana murmushin da ya kamata, zuciyarta na can tana tambayar ko an ba bulo ruwa yau. Washegari ta tashi ta shirya, sai da ta kai ƙofa ta tuna ba ita ke da wurin ba kuma. Ta koma ta zauna. Baba Magini ya ce sau da yawa ya so ya buga mata waya ya tambaye ta wani abu, sai ya tuna ta ce masa, “Akwai mai gini a wurin. Ita za ka tambaya.” Ta cika maganarta, ba ta leƙa ba har aka rufa kwano.

Ba ta je bikin buɗewa ba. Bayan an kwana biyu, da tsakar rana, ta ce wa babbar 'yarta ta kai ta. Suka shiga ɓangaren mata. Gadaje a jere, kowanne da ƙullin kaya a ƙarƙashinsa, iska na shiga ta wannan bango tana fita ta wancan. Mata suna kwance, wasu da goyo a gefe, wata ko mayafi ba ta cire ba barci ya ɗauke ta. Lasifika ta yi ƙara ta kira mai jinyar wani, wata ta zabura ta fita, sauran ko motsi ba su yi ba.

Idon Injiniya ya sauka kan sakatar wata taga. Ta ce wa 'yarta, “Dubi can, a karkace suka ɗaura ta. Na faɗa musu tun...”

Wata mata da ke kwance a gadon kusa ta ɗago kai, idanunta jajur. Ta ce, “Baiwar Allah, don Allah ki rage murya. Yanzu na samu barcin nan.”

Injiniya ta ce, “Yi haƙuri, 'yata. Kwanta.”

Akwai gado ɗaya da ba kowa a kai, mai shi ta tafi sayo magani. Ta ce bari ta ɗan zauna. 'Yar ta fita ta amsa waya, da ta dawo ta tarar da ita ta kishingiɗa, tabarau a hannu, tana barci a tsakiyar matan da ba wadda ta san ko wace ce ita. Ba ta tashe ta ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon tana jira.

Mun gode, Injiniya. Mun gode a madadin ungozoma da matan kasuwa, da dattijuwar da ba ta ga masaukin ba, da matar da ta ce ki yi shiru. Mun gode wa 'ya'yanki da suka ba mu aron rabinki ba tare da an tambaye su ba, Allah kuma ya jiƙan malamin da ya ce ki zana. Ku kuma da ke riƙe da fensir yau, mata da maza, in an turo muku aikin da ba a ɗaukarsa hoto, ku je ku zauna a benci ku kalli waɗanda za su rayu a ciki kafin ku ja layi. Har yanzu barandar nan ba ta rasa masu tabarma ba, kuma harsashi na nan yana jiran bene. Ita ta yi nata. Ku bar ta ta yi barci.